Naman da Na Ce Yankan Ɗanta Ne

Ba zan faɗi sunana ba, don mu Hausawan Greensboro, a nan ƙasar Turawa, ba mu da yawa, ko tari ka yi sai an gane ka. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ina da shekara ashirin da bakwai, shekarata huɗu da barin Maraɗi, ina aiki a kicin ɗin wani gidan abincin Italiyawa a titin Wendover. A lokacin gani nake na fi duk matan unguwarmu wayewa, ko miyar kuka zan kaɗa sai na haɗa da bayani.

Ana nan sai uwar mijina ta zo mana ziyarar wata uku. Hajiya mace ce mai tsantseni, tun a filin jirgi ta ce ba za ta ci naman ƙasar nan ba sai wanda ɗanta ya yanka da hannunsa. Abin bai dame mu ba, don mijina da abokansa sukan je wata gona wajen Summerfield su yanka sa su raba. Sai dai saran gida suke yi masa, gunduwa-gunduwa da ƙashi, na miya da farfesu.

Ranar da aka tara 'yan uwa don yi mata maraba, na ce sai na yi irin naman da muke soyawa a wurin aiki. Tsoka ake yankawa fale-fale, a bubbuge ta, a bi da ita cikin fulawa, a tsoma a ruwan ƙwai, sannan a birkita ta a garin busasshen burodi da cuku da tafarnuwa a soya. Na zazzage ledojin firiza kaf, ban sami tsoka ko kamar tafin hannu ba. Mai hankali da ta dafa shinkafa da miya ta huta, ni kuwa na riga na cika baki a waya. Shagon halal yana da nisa, mijina ya fita da mota, babban kanti kuma ga shi a tsallaken titi. Na je na sayo naman sa yankakke, na kai ledarsa bolar waje don kada a gani.

Suya ta yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Da aka zauna Hajiya ta ɗaga yanka ɗaya ta jujjuya, ta tambaye ni a gaban kowa ko yankan ɗanta ne. Na ce eh, ko ƙifta ido ban yi ba. Ta yi bismilla ta ci har uku, ta yi ta sa mini albarka ina murmushi.

Bayan kwana uku ta ce in koya mata, tana so ta yi wa Alhajinta in ta koma. Kafin in samo dabara ta buɗe firiza, ta ɗaga wannan leda ta ɗaga waccan, duk ƙashi. Ta tambaye ni daga wacce na ɗiba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nan na durƙusa na faɗa mata gaskiya ina kuka. Ta rufe firizar, sannan ta ce:

"Na yafe miki, 'yata. Ni dai na tambaya, Allah ya gani. Da kin ce mini na kanti ne, da na ci shinkafata ban ji komai ba."

Ba ta gaya wa kowa ba, har ɗanta. Amma daga ranar, da ma zuwanta na biyu bayan shekara uku, duk lokacin da na ajiye mata nama sai ta juya wajensa ta tambaye shi shi. Yakan yi dariya ya ce Hajiya tsufa ya zo. Ni ina tsaye da ludayi a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san malamai sun yi saɓani a kan naman kanti, ba fatawa na zo yi ba. Ita ta zaɓi abin da zai shiga cikinta, ni na ƙwace mata zaɓin don a ce na iya girki. 'Yan uwana mata, wanda ya zauna a kan tabarmarki ya tambaye ki abin da ke cikin kwano, ki gaya masa gaskiya ko da za ki kwashe abincin ki mayar kicin. Ni yafiya na samu, amma har Hajiya ta rasu ba ta sake tambayata komai a kan abinci ba.