Ɗinkin Kawu Ya Karkace

Kawuna tela ne, kuma duk layinsu shi kaɗai ya rage yana taka keken ɗinki da ƙafa. Sauran teloli sun sa wa nasu injin lantarki tuntuni. Sukan tsokane shi, "Tsoho, rowa ce ko tsoron wuta?" Sai ya yi dariya ya ci gaba da takawa.

To, ba rowa ba ce. Akwai wata cuta da ke bin jinin gidansu. Da tangaɗi take farawa, daga nan hannu ya daina jin magana, harshe ya yi nauyi. Ita ta kwantar da mahaifinsu, ita ta raba yayarsa da aikin koyarwa. Ranar da ya kai Yaya asibiti, ya tambayi likita ko shi zai tsira. Likita ta ce ba za ta yi masa alkawari ba, amma motsa jiki yana iya taimakawa. Kawu ya karɓi maganar nan hannu bibbiyu. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa shago a ƙasa, ta hanya mafi nisa.

Ana nan ana nan, sai wani direba ya dawo da wando.

"Maigida, duba ɗinkin nan. Kamar maciji ya bi ta kai."

Kawu ya warware ya sake. Ya sake karkacewa. Bai gaya wa kowa ba, sai ya ƙara tafiya, safe da yamma, har gwiwarsa ta kumbura.

"Malam, wai wa ya biyo ka ne?" in ji matarsa, ganin yana ɗingishi amma bai fasa fita ba. Ya ce takalmi ne ke matsa masa.

Da abin ya ishe shi, sai ya tafi wurin Yaya. Tana kan kujerarta ta gefen taga, maganarta na fita a hankali.

"Auta, ka rame."

Ya gaya mata komai. Ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Kawo min ruwa. Cika kofin har baki."

Ya ciko, ya taho yana lallaɓawa. Daf da ita, ruwan ya zubo masa a babban yatsa. Duk sun gani.

"Kowa ma yana zubarwa," ta ce.

"Yaya, ke haka naki ya fara?"

"Ban sani ba. Ɓoyewa na yi ta yi, har na manta farkonsa. Je ka a duba ka. Kuma da wannan gwiwar, mota za ka hau, sarkin taurin kai."

Washegari shago bai buɗe ba. Kawu na kan bencin asibiti, matarsa a gefensa, ya matse hannuwansa tsakanin cinyoyi. Da nas ta leƙo ta ce, "Baba, shigo," matarsa ce ta fara tashi. Ta miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da ƙofar, ya ce, "Bari in gwada da kaina. Amma ki tsaya kusa."