Tumatir Mai Ɗaurin Tsumma

Abin da idona ya fara gani a fadamar Gulma shi ne jan tsumma ɗaure a jikin shukar tumatir, iska tana kaɗa shi. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina da shekara goma sha ɗaya, an kawo ni hutu gidan kakata daga Nasarawa ta Birnin Kebbi. Kaina cike yake da littattafan soyayya da yayata take karanta mana.

Lambun na wani saurayi ne mai kunya, wanda kullum yake ban ruwa da jigo. Duk sanda ƙanwar mahaifiyata, da muke kira Inna Ƙarama, ta wuce da tulu, sai gugansa ya tsaya a sama. Na ƙirga shuka biyar masu tsumma, 'ya'yansu sun nuna jajir, bai tsinke su ba. Na ce a raina, wannan saƙo ne ya kasa isarwa.

Ranar da ya kai kaya kasuwar Argungu, na tsinke su tas, na kai wa Inna Ƙarama. "Mai lambu ya ce a ba ki."

Ta rufe fuska da gyale. Da la'asar ta yi miya, ta aika masa da tuwo.

Washegari na tarar da shi tsugune gaban shukokin, kakata tana tsaye a kansa.

"Ke ɗiyar birni, mi kika yi?" in ji ta. "Ba ki san abin da aka ɗaure wa tsumma iri ne ba? Irin ubansa ne, shekara da shekaru yana ɓoyonsa!"

Na tsaya ban gane komai ba. Ni dai na ga yadda yake kallon Inna Ƙarama.

Saurayin bai taɓa gaya wa Inna Ƙarama cewa ba shi ya aiko ni ba. Rani na gaba ya sayi iri a kasuwa, irin bai karɓi ƙasarsa ba, ya koma noman albasa. A shekarar aka ɗaura musu aure.

Har yau ban sani ba, sonta yake yi ko kunyar ƙaryata ni ya ji. Bara na same shi a rumfarsa ta albasa a Argungu, gemu ya yi fari, jikoki sun kewaye shi. Na tambaye shi.

Ya daɗe yana murza bawon albasa a hannu.

"Ɗiyata," ya ce, "irin dai ya tafi. Amma miyar ta yi daɗi."