Mamman Mai Fijo da Sarƙar Tasha

Duk wanda ya shiga tashar Azare ya ga wani dattijo yana kiran fasinjan Gadau da hannun dama a shanye, to Mamman ke nan. Shekara ashirin ya yi yana jan Fijo 504 da ya gada wurin mahaifinsa. Filoginta huɗu, giyarta a jikin sitiyari, bayanta a ɗage. Ya kan ce yashin hanyar ƙauyukan Gadau bai taɓa riƙe ta ba.

A 2004 mijin ƙanwarsa, Hammadu, ya sayo tsohuwar Marsandi 280, ya ce shi ma layin kasuwar Gadau yake so. Layin kuwa mota ɗaya yake ciyarwa. Kullum sai musu. Hammadu ya ce tasa filogi shida ce, ƙarfe ne zalla, tana gudun kilomita ɗari da tamanin a kwalta. Mamman ya ce nauyin banza ne da shan mai.

"Yaya, gwangwanin madara kake tuƙawa," in ji Hammadu.

"To kawo akwatin ƙarfen naka mu ɗaura," in ji Mamman.

Haka direbobin tashar suke raba gardama: a haɗa motoci biyu baya da baya da sarƙa, wadda aka ja ta bar layin. Mamman ya kawo tasa sarƙar. Ta taɓa tsinkewa, ya haɗa ta da noti ɗaya, bai gaya wa kowa ba, don shekara uku tana jan motoci lafiya.

Aka taka. Tayoyin Marsandi suka yi ta haƙa rami, Fijo ta fara jan ta taku ɗaya, taku biyu. Sai notin ya balle. Sarƙar ta yi bulala, ta fasa gilashin bayan Marsandi, ta yage kunnen Hammadu har gefen wuya. Ya fito jini na bin rigarsa, ya tsinci notin a ƙasa, ya dube shi, ya ce da gangan ne. Kafin a tare shi ya zaro sifanar taya. Mamman ya ɗaga hannun dama don kare kai, ƙarfen ya sauka a wuyan hannun sau uku. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin.

Shugaban tasha ya yanke cewa Fijo ce ta ci. Amma hannun da ke sa giya bai sake damƙe komai ba.

Bayan wata huɗu Mamman ya aika wa Hammadu makullin Fijo ta hannun ƙanwarsa Laraba, ya ce mota ba ta son zama. Yau Hammadu mai kunne ɗaya ne ke jan Fijon, gida biyu na ci. In zai tashi, Mamman kan leƙa ta taga ya ce, "Giya ta biyu a yashi, kar ka kashe min ita."