Kogin da Hallbera Ta Ce a Ƙetare

Shekara ashirin da uku Hallbera tana sauke baƙi a gidanta na gona, a gindin tsaunin ƙanƙara a kudancin Ayislan, ba wanda ya taɓa yin ko targaɗe ta dalilinta. Sai wata Talata a watan Yuli, da bakinta ta tura mutum biyu cikin kogi, wani tsoho da 'yarsa, har tana ɗaga musu hannu suna tafiya.

A gidan aka haife ta. Tana 'yar sha bakwai ta tafi bakin teku aikin gyaran kifi, ta shekara goma tana feɗewa tana barbaɗa gishiri har yatsunta suka lanƙwashe. Can ta auri wani masunci, wanda ya mutu a kan gadonsa, abin da ba a cika ji ba a sana'arsu. Sai ta tattaro ta dawo gida wajen ƙanenta Torfi, suna kiwon tumaki suna faɗa kullum a kan wanda ya bar ƙofar garke a buɗe. Da aka zuba kwalta baƙi suka fara kwararowa daga ƙasashen duniya, ta share ɗakuna huɗu na sama ta sa gadaje.

Ba ta da fara'a, wannan kowa ya shaida, amma ba ta wasa da baƙo. A bayan kowace ƙofa ta manna takarda da Turancinta mai kaushi. A cire takalmi a bakin ƙofa. Ruwan zafi na famfo yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, lafiyarsa lau, amma yana sale fata. In za a buɗe ƙofar mota a riƙe ta da hannu biyu, don iska ta sha fizge ƙofa ta bar mutum da mariƙi. In ka ga ɗan rago a gefen titi uwarsa na ɗaya gefen, taka birki, zai rugo. Duk shekara sai ta ƙara layi, don duk shekara sai wani ya zo da sabuwar wauta. Takan ce ba abin da ya rage wanda ba ta rubuta ba.

Baƙin nan daga Fotugal suka zo. Abilio tsohon tela ne, shekararsa saba'in da huɗu, 'yarsa Lurdes ce ke tuƙa motar haya. Wani koren kwari yake son gani, wanda ke ƙetaren kogin, wai hotonsa ya daɗe a jikin bangon shagonsa. Da safen, suna shan kofi, Lurdes ta tambaya ko motarsu za ta iya ƙetarewa, tunda ba gada.

Hallbera ta leƙa taga. Akwai wani baƙin dutse a tsakiyar mashigi, in kansa na waje to ruwa bai cika ba. Ta gan shi fili.

"Iya ƙwauri ne," ta ce. "Ki sa ƙaramin giya, ki bi inda ruwa ya yi faɗi, kada ki tsaya a tsakiya. Ku tafi abinku."

Ta cika musu fulas, ta ƙunsa musu busasshen kifi da man shanu, ta ara wa tsohon rigar gashin tumaki. Amma rabin hankalinta ba ya wurin. Mako uku ana sheƙa ruwa, sai ranar gari ya waye tas, rana ta fito fes. A wajenmu mutanen yankin nan, in aka samu irin wannan rana, ko gawa ce a gida sai ta jira a kwashe ciyawa, don da ita tumaki za su ci su fita hunturu. Motar na ficewa ta ɗaura ɗankwali ta nufi gona.

Wajen ƙarfe uku da rabi Torfi ya kashe tarakta don ya sha kofi. Yana kashewa suka ji kogin. Ba ƙarar ruwa kaɗai ba, har da gunjin duwatsu da yake mirginawa a ƙasa.

"Yau ya sha rana ya ƙoshi," in ji Torfi. "Ina telanki, tsohuwa? Ban ga motarsu ba."

"Sun tafi kwari."

"Da safe, na sani. Yanzu nake tambaya."

Ta kai kofinta baki.

"Ai kin ce musu su juyo kafin sha biyu," Torfi ya ce, yana kallonta. "Ke da kike rubuta wa mutane yadda za su buɗe famfo."

Kofin ya suɓuce daga hannunta. Kogin nan ba ruwan sama ke cika shi ba, ƙanƙarar tsauni ce ke narkewa. Da sassafe yana kwance, in rana ta daki tsaunin sai ya yi ta tashi, zuwa la'asar ya kai ƙirjin doki. Mafi kyawun rana ita ce mafi muninsa. Wannan ba ilimi ba ne a wajenmu, ba wanda ya taɓa zaunar da wani ya koya masa, kamar dai yadda ba a koya wa mutum cewa wuta na ƙuna. Ta laluba kanta kaf, ko ta faɗa ta manta. Ba ta faɗa ba. Ba ta kuma taɓa rubutawa ba, don baƙinta na baya dukkansu a babbar motar yawon buɗe ido suke zuwa kwarin, direban kuwa ɗan gari ne.

Ta kira wayar Lurdes, ba ta shiga, can ba sabis. Ta kira 'yan agajin ceto na gari, suka ce sai nan da minti arba'in. Torfi bai ƙara tsokanarta ba. Ya kwance abin kwasar ciyawa, ya jefa igiya a baya, ta hau ta tsaya a gefensa tana riƙe da ƙarfe. Duk hanyar abu ɗaya take roƙo, Allah ya sa su ji tsoro su tsaya a can gaɓar.

Ba su tsaya ba. Me zai tsorata su? Da safe sun wuce lafiya, kuma mai gida ta ce su tafi.

Da tarakta ta hau tudun ƙarshe Hallbera ta hango motar. Tana tsakiyar kogi, ruwa ya juya ta ta fuskanci gangare, ya kai gilashin taga, launinsa kamar ruwan siminti. Baƙin dutsen kuwa babu shi. Mutum biyu suna kwance a kan rufin, Lurdes ta rungume ubanta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta cusa shi cikin taga ta riƙe. Duk bugun da ruwa ya yi sai motar ta ɗan matsa. Hallbera ta tsaya baki buɗe. Ta ga tumaki sun nutse a kogin nan, ta ga dawakai, amma ba ta taɓa ganin wanda ita ta aika ba.

Torfi ya shiga da tarakta ta saman motar don ya kare musu ƙarfin ruwa. Ruwa ya haura tayoyi ya shigo har ƙafafunsu, sanyinsa na sara kamar wuƙa. Hallbera, mai shekara sittin da bakwai, ta ɗaura igiya a ƙugu ta miƙa jiki.

"Shi tukun," in ji Lurdes, haƙoranta na kaɗawa. "Ya faɗa ciki sau ɗaya. Ya daina magana."

Ta kamo shi ta wuyan rigar da ta ara masa ta jawo. Ba shi da nauyi ko kaɗan, leɓunansa sun yi shuɗi, idonsa a buɗe amma bai gane ta ba. Sannan Lurdes ta tsallako. Ba su kai gaɓa ba motar ta kife, ta tafi tana juyawa.

'Yan agaji suka iso suka naɗe tsohon cikin barguna. Shugabansu Steinar, wanda ke sayar da taya a gari, yana aiki yana mita da yaren gida don kada baƙin su ji.

"Ƙarfe huɗu, da rana irin wannan. Wai su mutanen nan a jirgi suke baro hankalinsu ne?"

"Ni na ce su tafi," in ji Hallbera.

Steinar ya ɗago ya dube ta. Ya dubi Torfi, Torfi ya kau da kai. Motar asibiti ta zo ta tafi da baƙin.

Abilio bai mutu ba. Sanyin ya taɓa zuciyarsa, ya kwana tara a asibiti, daga can kuma a keken marasa lafiya aka kai shi filin jirgi. Amma dai ya ga kwarinsa.

A rana ta uku da kwantar da shi Lurdes ta zo ɗaukar kayansu. Ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta ba da haƙuri kan rigar da aka yanke a jikin babanta, ta ba da haƙuri kan ciyawar da suka sa aka bari ruwa ya sake dukanta. Kowace kalma sai ta soki Hallbera, har ta gwammace a zage ta.

"Ni dai abu ɗaya ban gane ba," in ji Lurdes. "Na yi duk yadda kika ce. Ƙaramin giya, inda ya yi faɗi. A ina na yi kuskure?"

"Ba ki yi kuskure ba. Lokaci ne. Da rana yake cika, sai a juyo kafin sha biyu."

"Kullum?"

"Duk ranar da aka yi rana."

Lurdes ta ɗauki jakar babanta.

"Ke nan da safen nan, kina zuba mana kofi, kin san da haka?"

"Na sani."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Hallbera ta nemi amsa mai daɗin ji, ta rasa. Gaskiyar kaɗai ta rage mata, ita kanta kuma sai da ta ji muninta da ta fito.

"Ban san akwai wanda bai sani ba."

Lurdes ta daɗe tana kallonta. Hallbera ta miƙa hannu za ta kama mata jaka ɗaya, Lurdes ta janye jakar. Ita kaɗai ta sauke su duka biyun, ta zauna a kan dakali ta ɗaura takalminta.