Yadda Na Zaunar da Mai Ƙirga Takalma

Duk wadda ta tambaye ni aikin mijina a farkon aurenmu, cewa nake ƙirga takalma yake yi. Ba raini ba ne, shi da bakinsa ya ba ni misalin ranar da ya gaji da yi mini bayani. Karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, shi kuwa in ya fara magana rabinta Turanci ce.

Ya ce, "Kin ga gidan biki? In kika tsaya a ƙofar ɗaki kika dubi takalma, ai za ki san yawan mutanen da ke ciki, ki san wa ta daɗe, wa ta leƙo ta fice. To shafin intanet ma gida ne. Ni ne a tsaye a ƙofar. Fuska ce dai ba na gani."

Shafin na wasu abokansa ne masu rubuta labarai da Hausa. Shi ba ya rubutu. Yana zaune a shagonsa da ke soron gidan mahaifiyarsa a Mandawari, inda muke zaune tare da ita, kwamfuta a kan cinya, yana gaya musu labarin da mutane suka so da wanda suka watsar. A fuskar kwamfutar akwai lamba mai nuna waɗanda ke cikin shafin a lokacin, da taswira mai ɗige-ɗige, da wani layi mai hawa da sauka. In layin nan ya kwanta kamar titi, ranar miyata gishiri ya yi mata yawa. In ya miƙe kamar Goron Dutse, ko ruwan zafi na ba shi sai ya ce Allah ya yi mini albarka.

Ranar sunan 'yarmu na gano lagonsa. Wani labari nasu ya kama, mutane suka yi wa shafin ca. Ashe ƙaramin gida ne, in baƙi sun yi masa yawa sai ya rushe, kowa ya buɗe ya ga fari fat, kuma shi kaɗai ya san yadda ake tallafe shi. Mutumin nan ya bar mahauci da rago, ya bar 'yan barka a kan tabarma, ya shige shago ya rufo ƙofa. Kawunsa ne ya yi ta amsa addu'a a madadinsa. Na ji haushi ƙwarai, amma na soke abin a raina kamar yadda ake soke allura a gefen labule.

Yarinyar tana rarrafe maganar dokar ta taso. Wai 'yan majalisa suna so a ba hukuma ikon kama duk wanda ya yaɗa abin da ta ce ƙarya ne ta waya, har ma ta toshe intanet ɗin in ta ga dama. Soronmu ya koma wurin taro. Kullum bayan la'asar abokansa suna nan, shayi yana kan wuta, murya tana sama. In na miƙo abinci ta bayan labule sai in ji ana cewa, "Soja ya koma bariki, amma ga masu babbar riga za su ɗinke mana baki." A nan na ji sun yanke cewa ranar Asabar da hantsi za su taru da kwalaye masu rubutu a ƙofar ofishin ɗan majalisarmu a Gwale. Zanga-zangar lumana, in ji su.

Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Yarinya ta yi atishawa, ni har na hango gadon asibiti. Kalmar lumanar nan ko kunnena ba ta shiga ba. Kulki nake gani, da barkonon tsohuwa, da bayan motar 'yan sanda. Ga mijina siriri, gudu ma bai iya ba, in tabaransa ya faɗi ko ƙofar gidansu sai an nuna masa.

Na same shi na ce, "Malam, in aka kama ka fa?"

"Sai ki kai mini tuwo. Miyar kuka, kar ki manta man shanu."

"Au, wasa ma ka mayar da ni?"

"Ke, in dokar nan ta tabbata, har cikin shagon nan za a iya zuwa a ɗauke ni. Gara in je da ƙafata tun da sauran bakin magana."

Na kai ƙara wurin Hajiya, mahaifiyarsa. Na tarar da ita a kan darduma ta ƙura wa waya ido. Hajiya duk saƙon da ya shigo mata, na magani ne ko na gargaɗi, sai ta tura wa duk wanda ta sani. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan, taurin kan ubansa ne. Zo ki ji wannan, wai kanumfari da lemon tsami suna sauke hawan jini."

Ranar Juma'a ina sharar shagonsa, na sassauta murya na ce, "Malam, wai me yake kayar da shafin nan naku?"

Zo ku ga murna. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tambayarsa komai a kan aikin da kaina ba. Ya gyara zama ya ce in mutane suka afko lokaci guda kuma suka zauna, nan ne matsala. Ya nuna mini wani wuri da abokinsa ya yi bayanin dokar da murya, ya ce wannan ya fi komai nauyi, da za a taru a kansa, shi da tashi sai an watse. Na ce ya turo mini in saurara. Har sai da ya cire tabarau ya goge don daɗi. Ban saurara ba. Ni ina ruwana da abin da ke ciki?

Muna da gurup na matan unguwa a waya, inda ake sanar da biki da suna da rasuwa, a fitar da anko, a yi talla. Kowace a cikinmu kuma tana da nata gurup na dangi, da na islamiyya, da na ƙawaye. Abin da aka jefa a ciki da safe, kafin azahar ya je Makka ya dawo.

Asabar da safe ya goge rigarsa, ya jingina kwalinsa a soro. Ni kuma na yanka albasa na ƙulle a gefen mayafina, don na ji an ce tana maganin barkonon tsohuwa. In dabarata ta ƙi, in cusa masa a aljihu. Na shige kicin na danna waya na yi magana irin yadda saƙonnin Hajiya suke farawa: "Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah don Annabi kowa ta buɗe wannan yanzu, ba anjima ba. Ku saurara har ƙarshe, maganar tana ƙarshe. Ku tura wa duk wadda kuke ƙauna." Na haɗa da bayanin da ya turo mini na jefa a gurup ɗin. Ban san abin da ke ƙarshen ba. So nake kawai takalmansu su daɗe a ƙofa.

Ya sa takalmi ƙafa ɗaya ke nan wayarsa ta yi ƙara. Na ji yana cewa, "Na'am? Yanzu? Daga ina?" Ya buɗe kwamfuta. "Inna lillahi! Kano ta yi ja wur!" Ya zauna. Abokansa suka zo a kan babura suna ta hon, ya ɗaga murya ya ce su yi gaba, yana nan tafe. Na kawo masa koko da ƙosai na ajiye a gefensa kamar matar kirki, na sa ƙafa na tura ɗaya takalmin can ƙarƙashin kujera.

Na koma ɗaki ina yi wa yarinya rawa. Ban gama jin daɗina ba wayata ta fara kuka, saƙo a kan saƙo.

Maƙwabciyarmu mai turaren wuta ce ta fara. "Jama'a, kun ji abin da na ji? Ni da nake cewa turarena yana dawo da maigida daga wurin hira, in na wata ya ƙi dawowa, shi ke nan na yi ƙarya, a zo a tafi da ni?"

Wata ta ce, "Ke taki mai sauƙi ce. In aka toshe abin nan, wa zan nuna wa dubulan da alkakina? Ni ba fita nake ba, wayar nan ita ce kasuwata."

Wata dattijuwa ta ce ita ɗanta yana karatu a ƙasar waje, ta nan take ganin fuskarsa, wanda zai raba ta da wannan bai haifu ba. Can sai mai turare ta dawo: "Ai sun faɗi wurin a ƙarshe. Ofishin ɗan majalisa, yanzu da hantsin nan. Ni dai na ɗauko mayafi."

Ashe abin da ke ƙarshen ke nan.

Ina zaune baki buɗe Hajiya ta ɗaga labulena. Ta yafa babban mayafinta, ta sa takalmin da ta je aikin hajji da shi.

"'Yar nan, goya yarinyar nan mu tafi."

"Ina, Hajiya?"

"Ina kuwa? Ba ke kika turo ba? Ni da na tura wa rabin Kano maganin hawan jini, ai ni za su fara ɗauka."

"Hajiya, ban tambayi Malam ba."

"Ni na haifi Malam ɗin."

Muka bi ta soro. Ta leƙa shago ta ce, "Kai, zan fita da matarka." Ko ɗagowa bai yi ba, yatsunsa suna ta rawa a kan kwamfuta, ya ce, "To Hajiya, a dawo lafiya. A gaishe su." Ta suri kwalinsa ta miƙo mini.

Kowane lungu muka bi sai mu ga mata suna fitowa, wata da tabarma, wata da buta, wata tana jan yaro. Ni dai duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har ta shiga kasuwa. Wadda ta ƙulla dabara don kar mijinta ya je, ga ta a hanya da goyo.

Mun tarar da samarin tsaye a rana suna ta ihu da Turanci. Da suka hango mu sai muryarsu ta mutu. Mata ba su yi ihu ba, shimfiɗa suka yi a ƙofar ofishin suka zazzauna kamar an zo gaisuwa. Ga motar 'yan sanda a gefe. Na kwance albasata na damƙe a hannu, na kai hanci, ina jiran a harbo.

Wani babba a cikin 'yan sandan ya tako har gaban Hajiya ya rusuna.

"Hajiya, ina kwana? Me ya fito da ku cikin ranar nan?"

Ta ɗaga wayarta sama. "Wannan. Kai uwarka ba ta da waya?"

"Tana da ita, Hajiya."

"Tana tura saƙo?"

Ya sosa ƙeya. "Har ya yi yawa, Hajiya."

"To ka shirya kama ta. Kafin nan matso nan ka tare mini rana."

Wallahi ya matsa. Mai turare kuwa kafin a tashi har ta sayar wa wani ɗan sanda kwalba guda ya kai wa iyalinsa. Daga baya wani mutum ya fito daga ofishin ya tsuguna ya saurari matan, ya ce zai isar da saƙo. Ni ban ji rabin abin da aka ce ba, na ɗora kwalin nan a saman kan yarinya ina yi mata inuwa. Barkonon tsohuwa dai ba a harba ba. A duk taron ni kaɗai na yi hawaye, shi ma albasata ce ta sa ni.

Da azahar muka dawo. Yana nan inda muka bar shi, takalmi ƙafa ɗaya, koko ya yi sanyi. Ya ce, "Zanga-zanga ta wuce ni, amma shafin bai faɗi ba." Na ce sannu da ƙoƙari. Ina shirin sulalewa ciki abokinsa ya sa hoton taron a shafin. Ya buɗe, ya ƙara masa girma. Ga Hajiya ta ɗaga waya, ga wata a bayanta da goyo da kwali. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Atamfar nan na san ta. Ni na sayo ta."

"Ai ba kai kaɗai aka sayar wa ba, Malam."

"Kwalin fa? Rubutun hannuna ne."

Na shiga gyara goyo.

"Wa ya ba ki izinin fita?"

Daga tsakar gida Hajiya ta ɗago murya: "Kai ka ce a gaishe su! Sun amsa!"

Ya daɗe yana kallon taswirarsa. Can ya ce, "Mutanen nan duk ta ƙofa ɗaya suka shigo, ta saƙon waya. Ni kuwa jiya mutum ɗaya ce ta ce in tura mata."

Na ce, "Malam, kai takalma kake ƙirgawa. Da bakinka ka ce ba ka ganin fuska."

Na durƙusa na zaro masa ɗaya takalmin daga ƙarƙashin kujera, na ajiye kusa da ɗan uwansa, na ɗauki kwanon kokon na tafi ɗumamawa. Ga shi nan dai a gida, da tabaransa a ido, ba kulkin da ya taɓa shi.

Dokar daga baya muka ji ta yi shiru, Hajiya kuwa har yau cewa take ita ta kashe ta. Shi kuma tun daga ranar, in zai je wani wuri da ya san raina ba zai so ba, ba ya gaya mini sai ya sa takalma ƙafa biyu ya kai bakin ƙofa.