Abin da Zubairu Direba Ya Kulle a Adakata

Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, Baban Rukayya nake cewa. Amma yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, ina kuma jin mutanen Giginyu suna cewa "marigayin nan mai taɓin hankali", gara in faɗa da bakina. Sunansa Zubairu, direba ne, kuma hankalinsa ƙalau har ya koma ga Allah. Ni ce matarsa Hauwa. In akwai wanda ya fi ni saninsa, to ya fito.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Yana tasowa aka yi farin nan da ya ƙarar da shanu, ya ga maƙwabtansu da idonsa suna tonon gidan tururuwa don neman hatsi. Su gidansu bai kai ga haka ba, saboda mahaifinsa yana da wani rumbu da ba a buɗe shi ko biki ake ko suna. Wannan rumbun ne ya zauna masa a ka har tsufa. Mutum ne da bai yarda da kalmar "akwai" ba. Ka ce masa akwai mai a mota, sai ya leƙa. Ka ce an kawo wuta, sai ya ce a cika tulu tukuna. Wallahi wani lokacin har haushi yake ba ni.

Mun daɗe a gidan Alhaji Mahmudu a Nassarawa GRA, a ɗakunan baya kusa da bishiyar mangwaro. Shi ke kai Alhaji kasuwa da ofis, shi ke kai 'ya'yan gidan makaranta ya ɗauko su. Ko ƙwarzane bai taɓa yi wa mota ba. Abin da Alhaji ya fi yabonsa da shi kuwa, bakinsa. Direbobin manya suna da ƙa'idarsu: duk abin da aka faɗa a kujerar baya, a mota yake mutuwa. Baban Rukayya ya riƙe wannan ƙa'ida kamar sallah. Ni da nake matarsa, ko sunan wanda ya ɗauko ba ya gaya mini.

Shekarar da wayar salula ta shigo Kano, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, suka ɗauko wani abokin Alhaji daga filin jirgi, injiniya ne da ya zauna a ƙasar waje. Wannan sai daga baya na sani. Alhaji yana ta wasa da sabuwar wayarsa, baƙon yana tsokanarsa. Baƙon ya ce akwai wani bam da ake fasawa can sama da gajimare, ba ya kashe kowa, ba ya rushe ko katanga, amma ƙarfinsa yana bin wayoyin lantarki ya ƙone duk abin da ke jikinsu. Wuta ta tafi, famfo ya tsaya, tarho ya mutu, gidan mai ya kasa ba da mai. Ya ce ita kanta rana takan yi irin wannan aman. Abin da zai tsira sai wanda aka rufe ruf a akwatin ƙarfe, ba ya taɓa jikin ƙarfen. Baƙo ya yi dariyarsa ya wuce zancen siyasa. Alhaji ko ji bai yi ba. Wanda ya ji shi ne mai riƙe da sitiyari.

Ran nan na dawo daga unguwa na tarar da zannuwana a cikin buhu. Adakata ta aure, ta ƙarfe, wadda innata ta saya mini, an garƙame ta da sabon kwado.

Na ce, "Baban Rukayya, me zan gani haka?"

Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin bam da rana da wayoyi. Ya ce rediyo ne a ciki da tocila da batir, kada a buɗe, kada yara su taɓa.

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Na ji ne kawai."

Jama'a, ku gaya mini, wace mace ce za ta haɗiye wannan? Mijinki ya kwashe miki kaya, ya kulle adaka, makulli a aljihunsa, ya ce wai bam yake jira wanda ba ya kashe kowa! Na yi zargi, kuma ban ga laifina ba. A lokacin nan kowa a Nassarawa ya san ana ɓoye kwalaben giya. Wasu masu gida da suka saba da abinsu sun daina ajiyewa a firiji, sai su ba direba ko mai gadi ya adana musu a ɗakin baya. In yana wurin aiki nakan jijjiga adakar in kasa kunne. Ba ta ƙara, kamar an cusa tsumma. Sai zargina ya ƙaru, don ai kwalba ma ana naɗe ta.

Sannan ya fara shigowa da kwalabe na gaske, koraye, irin waɗanda ake auna kalanzir da su. Su kam na shinshina, kalanzir ne, yana jera su ƙarƙashin gado don fitilar ƙwai. Amma Talatu mai girkin gidan ba ta shinshina ba. Ta ji ƙararsu a leda, ta hango wuyan ɗaya, shi ke nan. Talatu kuwa in ta ji abu da safe, kafin azahar mai gadin gidan ƙarshen layi ya ji. Sai na lura matan ma'aikata suna yin shiru in na iso famfo. A masallacin layi, in Baban Rukayya ya tsaya a sahu, na kusa da shi sai ya riƙa jan hanci. Shi bai ma lura ba, bawan Allah, hankalinsa na kan sararin sama.

Abin ya zo daidai da Alhaji yana neman kujerar majalisa, hotunansa sun cika Tudun Wada da Kaura Goje. Magana ta juye a bakin 'yan adawa: ba direba ne mai kwalabe ba, na maigida ne yake ɓoyewa. A Kano ta wancan lokaci, wannan maganar kaɗai ta isa ta binne ɗan takara da ransa. Mu kuma aikin nan da ɗakin nan su ne duk abin da muka mallaka.

Wata ranar Asabar bayan la'asar Alhaji ya zo bayan gida da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Tare da shi akwai Malam Lawan limamin masallacin layi da dattawa biyu, ga ma'aikatan maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Alhaji ya ce shi bai zargi kowa ba, amma yana so a wanke gidansa a gaban shaidu.

Maza ba sa shiga ɗakin matar aure, don haka aka ce Hajiya Maimuna, matar Alhaji, ta shiga da Talatu su fito da kayan. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Hajiya, ke bismillah. Amma ke Talatu, in ƙafarki ta taka ɗakin nan sai na karya ta." Ni na jawo adakar da hannuna har tsakar fili, kuma har a lokacin ban san me zan gani ba.

Aka fara da kwalabe. Malam Lawan ya buɗe ɗaya ya kai hanci, ya yi tari, ya ce kalanzir ne. Sannan Baban Rukayya ya durƙusa ya buɗe kwado. An shimfiɗe cikin adakar da kwali, gefe da gefe har murfi. Ga ƙaramin rediyo naɗe a tsohon rawani, ga tocila, ga batir, ga wani ƙarfen mota da ya saya a gareji. Ba komai sai wannan. Na juya na harari Talatu har sai da ta sunkuyar da kai.

Da a nan aka tsaya, da mun tsira. Sai Malam Lawan ya ce, "To Malam Zubairu, rediyo kuma a kulle kamar zinariya? Na mene ne?"

Ya miƙe ya yi musu bayani tiryan-tiryan, yadda ya yi mini. Har ya ƙara da cewa a daina rufe tsofaffin rijiyoyi don an samu burtsatse, saboda ranar da injin ya mutu unguwar nan ko ruwan alwala ba za ta samu ba. Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. Dattawan suka kalli juna.

Alhaji ya ce, "Zubairu, a ina ka ji wannan?"

Na ga ya ɗago ya kalli Alhaji, bakinsa ya motsa. Mutumin da ya faɗi maganar abokin Alhaji ne, a motar Alhaji, Alhaji na zaune. Kalma ɗaya ta isa. Sai ya mayar da kansa ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji ne kawai."

"A rediyo?"

"A'a."

"Wani ne ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini."

Malam Lawan ya matsa kusa, ya sassauta murya kamar mai magana da majinyaci, ya ce, "Kana jin muryar ne kai kaɗai?" Hajiya Maimuna ta dafe ƙirji ta ce innalillahi, kuma shi ke ɗaukar mata 'ya'ya kullum.

Gida ya wanku, Alhaji ya samu abin da yake so. Washegari aka aiko mana da ruwan addu'a, aka ce Baban Rukayya ya ɗan huta, ya ba wani yaron gidan, Ɗanladi, makullan mota. Ba wanda ya kore mu, kada in yi musu ƙarya. Cewa aka yi ya riƙa wanke motocin. Ya wanke na ɗan lokaci, yana kallon wani yana fita da su ba tare da ya duba ruwa ko mai ba. Da ya kasa jurewa muka tattara muka kama haya a nan Giginyu.

A nan ne, muna jera kaya, ya gaya mini zancen baƙon. Na saki kwanon da ke hannuna. Na ce, "Kana da shaida ka yi shiru? Ka bar su suna maka kallon mahaukaci? Da giyar ce ma aka samu, bulala tamanin za ka sha, ka tuba, ka koma kan sitiyarinka!"

Ya ce, "Hauwa, direban da ya fitar da maganar mota sau ɗaya ya gama. Yau zancen bam ne. Gobe Alhaji zai zauna ya tuna sauran abin da aka faɗa a bayana."

Na ce, "To ai ga shi ka gama ɗin!"

Ya ce, "Na gama da tuƙi. Amma ba wanda zai ce Zubairu ya fitar da magana."

Na yi kuka ranar, kukan takaici, don na so in shaƙe shi kuma na so in durƙusa masa.

Kalanzir ya koma sayarwa a ƙofar gida, a irin kwalaben nan. Bai ƙara riƙe sitiyari ba. In mota mai kyau ta wuce yakan bi ta da kunne ya ce injinta na neman gyara. Bam bai fashe ba, rana ba ta yi amai ba, har ciwon ajali ya kwantar da shi. Kafin ya cika ya zaro makullin daga aljihu ya damƙa mini, ya ce batir yana zuba in ya daɗe, a riƙa canzawa.

Ban ce na yarda da bam ɗinsa ba, har gobe ban sani ba. Amma makullin yana ɗaure a bakin zanena. Lokaci-lokaci nakan kulle ɗaki, in buɗe adakar, in kunna rediyon in ji yana magana, in sa sabon batir in mayar. Matan gidan hayar nan sun fara tambayar Rukayya me uwarta take ɓoyewa. Na ce ta gaya musu su zo su tambaye ni.