Labbo da Unguwar Mushe

A gefen garin Sabon Birni akwai unguwar da baƙo kan yi turus idan ya ji sunanta: Unguwar Mushe. Ba jaki ne ya mutu a wurin ba. Sunan na Labbo mai facin taya ne, wanda ya fara kafa rumfa a nan tun babu komai sai tumfafiya da awaki.

Labbo mutumin Gangara ne. Da ƙuruciya ya bi wani ɗan kasuwa Maraɗi, bai ko cika damina ba ya dawo da baƙin tabarau da ɗan Faransancin gaisuwa. Daga ranar ya daina amsa Malam. Ya ce a can duk mutumin kirki Mushe ake ce masa da Faransanci, shi ma haka yake so. Jama'a ba su taɓa samun roƙo mai daɗin biya irin wannan ba. 'Yan kabu-kabun hanyar Burkusuma suka yaɗa shi, don duk wanda tayarsa ta sace sai ya ce za shi wurin Mushe. Gidaje suka yi ta tsirowa kewaye da rumfar, sunan ya bi su.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Kalilu mahauci. Kullum kukansa ɗaya: ya yanka sa da bismilla, a ce naman Unguwar Mushe ne.

Shekarar da 'yan bindiga suka tayar da mutanen Gatawa, mata da yara suka shigo gari a ƙasa. Manyan unguwa suka yi taro, suka nuna alhini ƙwarai, aka ɗauki hoto, aka watse. Labbo ba a gayyace shi ba, saboda haka bai san ana jiran kwamiti ba. Ya kwashe tsofaffin tayoyi daga zaurensa, ya buɗe kangon da ke baya, ya sauke baƙin, ya sa matarsa Mas'uda ta ɗora babbar tukunya. Geron da ya noma bai kai su bazara ba. Da ta yi ƙorafi sai ya jefa mata Faransancinsa mai nufin ba komai, ya ce, "Sa ba, Mas'uda, sa ba. Wanda yak kawo su shi ka ciyad da mu." Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an tuƙa Faransanci an ci ba, ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Bara Alhaji Ubaidullahi, wanda ya gina bene a unguwar amma yake zaune Sakkwato, ya ga sunan bai dace da benensa ba. Kalilu ya fi kowa goyon baya. Aka kafa allo an rubuta Unguwar Alhaji Ubaidullahi, aka yi dogon jawabi kan manyan mutanen wurin, aka ambaci kowa ban da wanda ya fara zama. Labbo yana gefe yana ba taya iska. Ranar ya rufe rumfa tun la'asar, abin da bai saba ba.

Da sallah motar Alhaji ta lalace a Isa, ya ƙaraso a ta haya. A tasha ya hau kabu-kabu, ya faɗi sabon sunan da ƙarfi. Mai babur ya ce bai san wurin ba. Ya kwatanta masa da bene, da allo, a banza. Alhaji ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Unguwar Mushe."

"Ai da ka faɗi tun ɗazu, Alhaji," in ji mai babur, ya tada mashin.